Ƙosassun Motocin Amurka: Yadda Ake Gane Farashin Gaskiya

A watan Janairun 2020, a garin Kissimmee na jihar Florida, an shigo da wata koriyar Ford Mustang ƙirar 1968 filin gwanjon kamfanin Mecum. Fentinta ya dushe, tsatsa ta fara cin bayanta, kujerunta sun sha jiki. Duk dillalin da ya gan ta a bakin titi bai san labarinta ba, da wuya ya yi mata tayin kirki. Amma kafin a watse an sallama ta a kan dala miliyan 3.74, har da la'ada. Ita ce motar da ɗan wasan nan Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, kuma lambarta ta tabbatar da hakan. Iyalin da suka kawo ta gwanjo sun saye ta ne tun 1974.

Akwai Mustang masu irin wannan jiki da wannan shekara da suka fi ta ƙyalli nesa ba kusa ba, amma kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na nata ba. A kasuwar waɗannan tsofaffin motoci, ido shi ne ya fi saurin yaudarar mai saye. To, me masana ke dubawa kafin su ce wannan farashi ya yi daidai?

Inda suka samo asali

Yawancin masu tarihin mota suna fara lissafi daga 1964, lokacin da injiniyoyin Pontiac, cikinsu har da John DeLorean, suka ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas suka dasa a matsakaiciyar mota, suka raɗa mata suna GTO. Matasa suka yi mata caa. Sauran kamfanoni suka shiga tsere: Ford da Mustang, Chevrolet da Chevelle da Camaro, Dodge da Charger da Challenger, Plymouth da Road Runner da Barracuda. Zuwa 1970 ana sayar da Chevelle SS mai injin LS6 da ke da ƙarfin doki 450.

Zamanin bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi a kan matasa masu irin waɗannan motoci, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta a rage wa injuna kaifi, sannan takunkumin man fetur na 1973 ya ƙarasa su. Chrysler, mai Dodge da Plymouth, ya daina saka shahararren injinsa Hemi 426 a motocin titi bayan 1971. Motocin da aka yi ta yarwa da araha a wancan lokacin su ne yau ake rububi a kansu, don ba za a ƙara ƙera su ba.

Tambayar farko: wace mota ce wannan?

Kamfanonin nan sun riƙa ƙera jiki iri ɗaya, su saka masa injuna daban-daban. Mafi yawan masu saye sun ɗauki ƙaramin inji don arahar mai da inshora, 'yan kaɗan ne suka biya kuɗin babban. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne masu tsada a yau. Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai buɗaɗɗen rufi, wadda duka-duka ba a ƙera fiye da goma sha biyu ba, an sayar da ɗaya a Seattle a 2014 a kan dala miliyan 3.5. Camaro ZL1 ta 1969 kuwa guda 69 kacal aka yi.

Nan ne algus ke shigowa. Ana iya ɗaukar Barracuda mai silinda shida, a cire injinta a saka babba, a yi mata fenti da zane, a manna mata tambarin 'Cuda, wato Barracuda mai babban inji. Duk kayan nan ana sayar da sabbinsu a kasuwa. Idan mai ita ya faɗi gaskiya cewa kwaikwayo ce, babu laifi, tana da nata farashin da masu sonta. Laifin shi ne a sayar da kwaikwayo a kuɗin asali.

Saboda haka gogaggen mai saye ba ya fara da buɗe bonet. Lambar motar yake fara karantawa. A motocin Plymouth na 1970, lambar da ta fara da BH ta Barracuda ce ta gama-gari, wadda ta fara da BS ita ce 'Cuda, kuma idan harafi na biyar R ne, to da injin Hemi ta fito daga masana'anta. Daga 1966 zuwa 1971 lambar GTO ta gaske tana farawa da 242. Amma ba kowace mota ce lambarta ke tona asiri ba. Chevelle SS ta 1970 ba ta da wata alama a lambarta da ke bambanta ta da Chevelle Malibu ta gama-gari mai silinda takwas, shi ya sa take cikin motocin da aka fi yi wa jabu.

Bayan lambar jiki sai ta inji. Daga ƙarshen shekarun 1960 kamfanoni sun riƙa buga wani ɓangare na lambar motar a jikin inji da giya. Idan lambobin sun dace da juna, injin da aka haife ta da shi ne ke cikinta, kuma wannan kaɗai yana ɗaga farashi sosai. Sai dai 'yan damfara sun iya goge wurin su sake buga lamba, don haka masana kan sa madubin ƙara girma su duba siffar haruffan da layukan da injin masana'anta ya bari a kan ƙarfen.

Takarda ta fi rantsuwa

Tsarin lambar mota mai haruffa 17 da ake amfani da shi yanzu ya fara ne a 1981. Kamfanonin bin diddigin tarihin mota irin su Carfax a kansa suka dogara, don haka ba su da abin cewa game da motar 1969. Dole mai saye ya nemi wasu shaidun.

Mai neman Ford da aka ƙera daga 1967 yana iya sayen rahoton Marti, wanda ake ciro shi daga bayanan kamfanin Ford kansa: launin da ta fito da shi, injinta, giyarta, ranar da aka ƙera ta da dilan da aka kai wa. Masu Pontiac suna da kamfanin PHS da ke ba da kwafin takardar cinikin farko. Motocin Dodge da Plymouth suna da ɗan ƙaramin faranti a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da lambobin duk abin da aka saka musu. Akwai kuma takardar umarnin haɗawa, wadda ma'aikatan masana'anta kan cusa a cikin waya ta ƙarƙashin kujerar baya ko a saman tankin mai. Mutane kan ciro ta bayan shekara hamsin, ta yi ja ta kakkarye, su saka ta a leda kamar takardar gado. Ga mai Chevelle, wannan yagaggiyar takarda tana iya zama bambanci tsakanin farashi biyu masu nisan gaske, domin Chevrolet ba shi da cikakkun bayanan motocin da ya ƙera a Amurka a wancan zamani.

Tsatsa, maƙiyiyar da ke ɓuya

Inji ana gyara shi, kuma kayan gyaransa suna nan birjik. Abin da ke cinye kuɗi shi ne jiki. A jihohin arewa irin su Michigan da Ohio ana barbaɗa gishiri a tituna lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana cin ƙarfe ta ƙasa. Shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a busassun wurare kamar Arizona da kudancin California take da ƙarin daraja, kuma masu sayarwa kan yi alfahari da hakan a tallarsu.

Mai dubawa yakan zo da tocila da ƙaramin maganaɗisu a nannaɗe da ƙyalle. Sai ya bi gefen tayoyin baya da ƙasan ƙofofi yana ɗora shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗo, an cike rami ne da ƙullin ciko aka shafe da fenti. Daga nan ya ɗaga shimfiɗar but, ya ɗaga kafet, ya sa a ɗaga motar sama ya duba ƙarafan da ke riƙe da ita. A tsohuwar Mustang akwai wani gwaji da aka sani: a zuba ruwa a ramukan iska da ke gaban gilashi, sannan a leƙa ƙarƙashin sitiyari. In ruwa ya ɗigo a wurin ajiye ƙafa, ƙarfen ciki ya ruɓe, kuma gyaransa sai an yanke wuri an yi walda mai cin lokaci.

Sabon fenti a kan motar da ba ta da hotunan yadda aka yi aikinta abin tuhuma ne. Wasu masu saye sun fi son tsohon fenti da ya dushe, don ba ya ɓoye komai. Haka nan agogon ƙirga tafiya: na wancan zamani lambobi biyar gare shi, in ya kai mil 99,999 sai ya koma sifili. Motar da ke nuna mil 40,000 tana iya kasancewa ta yi 140,000. Lalacewar robar birki da ta kujerar direba sun fi agogon faɗin gaskiya.

Kuɗin nema daban, kuɗin sallama daban

Idan an san wace mota ce da kuma lafiyarta, sai a zo kan kuɗi. Kamfanin inshorar tsofaffin motoci Hagerty yana fitar da jadawalin farashi da ke kasa mota mataki huɗu: ta ɗaya ita ce wadda ta isa shiga gasar baje koli, ta biyu mai kyau ƙwarai, ta uku lafiyayya da ake hawa, ta huɗu mai tafiya amma da aibobi a fili. Yawancin motocin da ke kasuwa 'yan mataki na uku ne ko na huɗu, amma kusan kowane mai sayarwa yana ganin tasa a na biyu. Rabin gardamar ciniki a nan take.

Farashin da aka rubuta a talla buri ne kawai. Abin dogaro shi ne nawa aka biya a zahiri. Dandalin gwanjo na intanet Bring a Trailer yana barin sakamakon cinikinsa a buɗe tare da hotuna, haka ma Mecum da Barrett-Jackson. Mai hankali yakan tara motoci biyar ko shida da aka sayar kwanan nan masu shekara ɗaya, inji ɗaya, giya ɗaya da lafiya kusan ɗaya, ya watsar da mafi tsada da mafi araha, ya dubi na tsakiya. Yana kuma lura da ko an haɗa da la'ada, wadda a manyan wuraren gwanjo kan kai kashi 10 cikin 100 a wuyan mai saye. Giyar hannu mai hawa huɗu takan fi mai sarrafa kanta tsada, launin asali ya fi wanda aka sauya.

Kasuwar kuma tana hawa tana sauka. Farashi ya yi tashin gwauron zabi kafin 2008, ya faɗo warwas da rikicin tattalin arzikin wannan shekara, ya sake tashi a 2021 da 2022. Sakamakon gwanjon shekaru biyar da suka wuce ba ma'auni ba ne a yau.

Lissafin da ke hana kuka

Araha ba ta ado. A ƙaddara lafiyayyar mota irin wadda ake so tana kan dala 50,000, sai ga wata a 25,000 mai ruɓaɓɓen ƙasa da injin da ba nata ba. Idan walda da fenti da kujeru da inji za su ci 40,000, mai saye ya kashe 65,000 ke nan a kan motar da ba za ta kai 50,000 ba ko an gama. Masu wannan harka sun daɗe da sanin cewa sayen wadda wani ya riga ya gyara ya fi sauƙi, matuƙar akwai rasiɗai da hotunan aikin.

Wannan darasi bai tsaya a Amurka ba. Dubban motocin da ke shigowa Legas da Kwatano daga wuraren gwanjo irin su Copart da IAA suke, inda kamfanonin inshora ke zubar da waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta shafa. Sababbin Charger da Challenger da Mustang da ake gani a titunan Abuja da Kano wasunsu ta nan suka biyo. Sa'ar mai sayen waɗannan ita ce lambarsu mai haruffa 17 ce, ana iya bincika tarihinsu da waya kafin a biya ko sisi.

Wanda ke sha'awar tsohuwar kuwa, kada ya yi cinikin biri a sama. Akwai masu duba mota masu zaman kansu a Amurka da ake biya su je su gan ta da ido, su ɗauki hoton lambobi da ƙasan motar, su aiko da rahoto. Ladansu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin motar. Mai sayarwar da ya hana a ɗaga motarsa a duba ƙasanta, ko ya kasa nuna lambar inji, a bar masa kayarsa a nemi wata.