Akwatin Giya na Tsohuwar Land Rover

Kai mai karatu, in kana da tsohuwar Land Rover, ko kai ne direbanta, ko kuwa yaron mota mai fatan zama direba, ga magana a kan abin da ke ƙarƙashin kujerarka. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fara ƙera motan nan a shekarar 1948. Irin da a ke kira Series III ta fito a 1971, aka daina yin ta a 1985. Ka ga ko autarsu ta tsufa ke nan. Amma wadda aka kula da giyarta tana iya ratsa yashi da taɓo har gobe.

Inji yana juyawa da sauri, amma ƙarfinsa bai isa ya ta da mota da kayanta daga tsaye ba. Akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos, shi ke karɓar juyin nan, ya rage saurinsa, ya ƙara masa ƙarfi. A cikinsa akwai faya-fayan ƙarfe masu haƙora, manya da ƙanana. In ƙarami mai haƙori 10 yana juya babba mai haƙori 30, sai ya kewaya sau 3 kafin babban ya kewaya sau ɗaya. Sauri ya ragu, ƙarfi ya riɓanya uku.

To, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, akwatin motan nan biyu ne, ɗaya manne da bayan ɗaya. Na gaba shi ne mai giya huɗu da ribas. Na baya kuwa shi ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Kowanne da mansa dabam, da ƙofar zuba man dabam. Na gaba yana cin lita ɗaya da rabi, na baya lita biyu da rabi. Man kuwa shi ne man giya mai kauri, mai lamba 90, ba baƙin man inji ba. In ka sami wanda aka rubuta GL-4 a jikin galan ɗinsa ya fi, don akwai sassan tagulla a ciki waɗanda wani man ba ya yi musu kirki.

Ga inda ɓarna ta ke ɓuya. Tsakanin akwatunan nan biyu akwai wani zoben roba mai tare mai. In ya tsufa, sai man akwatin gaba ya riƙa silalewa cikin na baya. Ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, ka ɗauka lafiya lau, alhali kuwa haƙora suna cin juna a bushe. Kukan da za ka ji daga baya, labarin ɓarnar da ta riga ta auku ne. Saboda haka ka riƙa duba su duka biyu, a ganina ko sau ɗaya a wata bai yi yawa ba.

Duban ba wuya. Ka tsai da mota a wuri mai daidai, ka kashe inji, ka sa waigi a tayoyi. Ka goge ƙurar da ke kewaye da kusar awo da ke jikin akwatin, sa'an nan ka kwance ta. Ka zura ɗan yatsa. In mai yana daidai bakin ramin, ya isa. In ba ka taɓo shi ba, ka ƙara har ya fara tsiyayowa. In kuwa na gaba ya ragu, na baya kuma ya yi ambaliya da ka buɗe, to, zoben nan ne ya mutu, sai a sake shi.

Ka dubi launin man kuma. Wanda ya yi fari-fari kamar an dama nono, ruwa ya shige shi, yawanci wajen ƙetare rafi da damina. Kada ka jira, ka juye shi. Ka tara a kwano mai tsabta ka duba gindinsa: ɗan garin ƙarfe mai laushi ba abin tsoro ba ne a tsohuwar mota, amma ɓarɓashi mai kama da tsakin gero ya nuna haƙori ko boris yana karyewa. Kuma kullum ka fara kwance kusar zubawa kafin ta juyewa, kada ka zubar da mai sa'an nan ka tarar ta sama ta cije.

Saura sandunan nan biyu, mai jan kai da mai rawayan kai. In ka danna rawayan, ƙafa huɗu duka sun shiga ja. In ka tsaya ka jawo jan baya, ka sami ƙafa huɗu da giyar ƙarfi, ta hawan tudu da fita taɓo. Waɗannan na yashi ne da laka. Kada ka hau kwalta da su. Dalili kuwa, in mota tana shan kwana ƙafafun gaba sun fi na baya nisan tafiya. A kan yashi taya takan ɗan zame ta huce, amma kwalta ba ta sakin taya, sai ƙarfen ciki ya yi ta murɗewa har wani abu ya karye. Da ka fito kan hanya mai tauri, ka tsaya, ka jawo jan baya, ka mai da shi gaba, rawayan zai ɗago da kansa. In ya ƙi, ka ɗan yi ribas tukuna.

Waɗanda aka ƙera kafin Series III, giyarsu ta ɗaya da ta biyu ba su da abin da ke daidaita saurin haƙora. Sai ka taka kuloci ka fita zuwa firi, ka saki, ka sake takawa, sa'an nan ka shiga. Mai tura sanda da ƙarfin tsiya, haƙora ya ke feƙewa.

In giya ta fara fita da kanta, ko birkin hannu ya daina kamawa don mai ya jiƙa shi (a motan nan a bayan akwati na biyu ya ke, ba a taya ba), aikin makaniki ne. Ka ce ya fara duba zobban roba da 'yan sifirin da ke riƙe giya a mazauninta kafin ya sauke akwatin. In saukewar ta zama dole, ka tsaya a buɗe a gabanka, a nuna maka abin da ya lalace, a kuma duba farantin kuloci tun akwatin yana ƙasa.