Jimmy Carter: Sojan ruwan da ya ƙare rayuwarsa yana farautar kurkunu

Matasa da yawa a Maraɗi ko Damagaram ba su taɓa ganin kurkunu da idonsu ba, sai dai su ji labari a bakin kakanni. Cikin waɗanda suka sa haka ta yiwu akwai Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100.

An fi saninsa da mulkin da ya yi daga 1977 zuwa 1981, amma asalin sana'arsa aikin injiniya ne a rundunar sojan ruwa. An haife shi a 1924 a Plains, wani ƙaramin gari na jihar Jojiya. Ya gama makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a 1946, shekarar da ya auri Rosalynn. Daga nan ya yi aiki a jiragen ƙarƙashin teku, har Hyman Rickover, jagoran shirin jiragen da ke tafiya da makamashin nukiliya, ya zaɓe shi cikin mutanensa.

A Disamba 1952 injin nukiliya na Chalk River a Kanada ya lalace. Carter, yana ɗan shekara 28, ya jagoranci ɗaya daga cikin tawagogin da aka tura su kwance shi. Tururin gubar ya yi ƙarfin da ba a barin mutum ya wuce daƙiƙa 90 a ciki. Sai aka gina kwafin injin a waje, kowa ya yi ta maimaita aikinsa har ya haddace, sannan ya shiga ya yi nasa ya fito.

A 1953 mahaifinsa ya rasu, Carter ya ajiye kaki ya koma gida noman gyaɗa. Bai shawarci matarsa ba, kamar yadda shi da kansa ya faɗa daga baya, kuma ranta ya ɓaci sosai, domin ba ta son komawa ƙauyen da ta baro. Sun fara da zama a gidan haya na gwamnati. Ita ce ta riƙe littafin lissafin kasuwancin gyaɗar har ya tsaya da ƙafarsa. Sun haifi ƴaƴa huɗu, sun yi shekara 77 da aure kafin rasuwarta a Nuwamba 2023. Duk ɗan ci-rani da aka taɓa kira ya dawo ya riƙe gida ya san nauyin irin wannan shawara.

Lokacin da cibiyarsa, Carter Center, ta shiga yaƙi da kurkunu a 1986, an kiyasta mutum miliyan 3 da rabi ne ke kamuwa kowace shekara a ƙasashe 21. Cutar ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Mutum ya sha ruwan tafki, bayan kamar shekara tsutsar ta fasa fata, yawanci a ƙafa, a yi makonni ana naɗe ta a tsinke. Sau da yawa a lokacin aikin gona take kwantar da mutum.

Dabarar da aka bi ta yi kama da ta Chalk River: a rarraba aikin ƙanana, kowa ya san nasa. Ƙyallen tace ruwa a kowane gida, hana mai ciwo tsoma ƙafa cikin tafki, da ɗan sa-kai a ƙauye mai rubuta duk wanda ya kamu. Mutanen ƙauyukan su suka yi aikin, ko da yake sunan Carter aka fi ji. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da cutar. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya.

Ya taɓa cewa burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai samu haka ba, domin har ranar da aka binne shi a Plains kusa da Rosalynn akwai sauran cutar a maƙwabciyarmu Chadi, inda take kama karnuka.