"Ai Na Ƙi a Zuciyata"

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Aka kwashe su zuwa sansanin alhazai. Wata guda bai cika ba aka bankaɗo irinsa a Daura. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gidajen nan ba a dawa suke ba. A tsakiyar unguwa suke, da maƙwabta da masallaci da mai shayi a bakin layi. Kukan yaro kuwa katanga ba ta tare shi.

Na gaji da jin amsa guda duk sanda aka yi irin wannan: "Ai mun ƙi abin a zuciya." Masu faɗin haka sun jingina ne da hadisin Abu Sa'idil Khudri, na 34 a Arba'una Hadisi, wanda ya jera matakan gusar da ɓarna uku: hannu, harshe, sannan zuciya. To, malam, wa ya ba ka izinin tsallake biyu ka dira kan na uku? Matakin zuciya rangwame ne ga wanda ya gaza, kuma hadisin kansa ya kira shi mafi raunin imani. Kai da ke kwana kana musun siyasa a Facebook, harshenka lafiyarsa ƙalau. Tsoron a ce maka munafuki ko mai shiga sharo ba shanu ne ya ɗaure ka, ka lulluɓe shi da rigar addini.

Ni ma na taɓa yi. Wata 'yar aiki a layinmu, ba ta wuce shekara goma ba, kullum ta zo ɗiban ruwa da shatin wayar wuta a damtse. Na yi tsaki, na ce Allah ya kyauta, na shige gida. Har aka mayar da ita ƙauye ban buɗe baki ba.

Kada kuma wani ya ɗauka gyara da hannu shi ne a taru a lakaɗa wa mutum duka. Gyara da hannu aikin hukuma ne. Naka shi ne magana. Fara da mai gidan da abin ke faruwa a ciki, a keɓe, cikin mutunci. In ya ƙi ji, samu limami da mai unguwa, kuma kada ka je kai kaɗai, ɗauki dattijo biyu, don mutum ɗaya ake yi wa sharri cikin sauƙi. Rubuta rana da lokacin da ka ji ko ka gani. In abin ya kai ga rauni ko ɗauri, wuce ofishin 'yan sanda, ko Hisba inda take, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam. Batun yaran aikatau kuwa hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, na karɓa. Ka roƙi a sakaya sunanka. Bayan kwana uku ka koma ka tambayi inda aka kwana, don takardar da ba a bibiya a aljihun tebur take tsufa.