Yadda Matan Ingila Suka Sami Ikon Jefa Ƙuri'a

A ƙasar Ingila, kafin shekarar 1918, mace ba ta da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen wakilan Majalisar Dokoki, ko da tana biyan haraji kamar kowane magidanci. Tun cikin 1866 mata wajen 1,500 suka sa hannu a takardar kuka, wani wakili mai suna John Stuart Mill ya kai ta gaban Majalisa, amma ba a biya musu bukata ba.

Daga bisani masu neman wannan iko suka kasu gida biyu. Uwargida Millicent Fawcett ita ta ja ragamar babbar ƙungiyar da aka kafa cikin 1897, hanyarta kuwa lallashi ce, watau yin lacca da ganawa da wakilai. Amma Uwargida Emmeline Pankhurst, mutuniyar Manchesta, ta ga haƙurin ya isa, sai ta kafa tata ƙungiya cikin 1903.

Mabiyanta suka shiga farfasa tagogin kantuna da na ofisoshi, har da cinna wa gidajen da ba kowa wuta. In an ɗaure su sai su ƙi cin abinci. Daga 1909 aka soma yi musu ɗura da tiyo ta hanci, abin da ya jawo wa gwamnati zargi ƙwarai. Cikin 1913 aka yi doka a saki wadda yunwa ta galabaitar, in ta farfaɗo a sake kamo ta, har mutane suka yi wa dokar laƙabi da kyanwa da ɓera. A shekaran nan ne Emily Davison ta shiga gaban dokin Sarki a filin sukuwa na Epsom, ya banke ta, ta rasu bayan kwana huɗu. Lalle tarzoman nan ta sa zancen ya shiga bakin kowa, ko da yake ta kori waɗansu masu goyon baya.

Da yaƙi ya tashi da Jamus cikin 1914 aka dakatar da rigima, mata suka kama ayyukan mazan da suka tafi fagen fama, har da ƙera harsashi. Cikin 1918 Majalisa ta yarda wa matan da suka kai shekara 30, in su ko mazansu suna da gida ko wata ƙaddara. Sai 1928 aka daidaita su da maza a kan shekara 21. Uwargida Pankhurst ta rasu ran 14 ga Yuni na shekaran nan, saura kwana 18 dokar ta tabbata.