Sa wa tukunya famfo ba tare da walda ba

A shekara ta 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu ga dokar da ta ba mutanen Amurka izinin dafa giya a gida. Masu wannan aiki suna amfani da manyan tukwanen ƙarfe, waɗanda karkata su cike da tafasasshen ruwa kan jawo ƙuna. Shi ya sa suke sa musu famfo, kuma dabararsu tana yi ga kowace tukunyar ƙarfe.

Huda ita ce wurin hatsari, domin tukunya in ta hudu ba ta komawa. A yi ramin sama kaɗan da inda gindi ya lanƙwasa, don noti ya zauna daidai. Famfo na rabin inci yana son rami mai faɗin milimita 21 zuwa 22. A huda sannu a hankali ana ɗiga mai, saboda ƙarfen da ba ya tsatsa yana ƙara tauri in ya yi zafi. Sa'an nan a goge kaifin bakin ramin, in ba haka ba ya yanke roba.

Abin da ke hana yoyo shi ne zoben roba na silikon, mai jure wa zafin tafasa. A naɗe haƙoran famfo da Teflon, a sa zoben, a ɗaure noti. Jama'a da dama a nan suke ɓata aiki: suna tsammani ƙarfi shi ne magani, alhali matsi in ya yi yawa zoben yakan zame ya buɗe hanya. Ɗaurin hannu da ɗan ƙari ya isa.

A gwada da ruwan sanyi tukuna, kāna da mai zafi.