Ƙananan Masu Bincike a Littattafan Yara

Akwai wata gaɓa a karatun yaro da iyaye ba su cika kula da ita ba. Ya iya haɗa baƙi, yana karanta shafi guda ba tare da an tsaya a kansa ba, amma har yanzu kowane layi da gumi yake fita. Yawanci tsakanin shekara 6 zuwa 9 ke nan. A nan ne karatu kan zame wa yaro jiki, ko kuwa ya ajiye littafi sai jarrabawa ta matso. Marubutan yara a Amurka da Turai sun daɗe da gane cewa labarin bincike, wanda yaro ɗan'uwansa ne ke bin sawu har ya gano gaskiya, yana cikin abubuwan da ke tsallakar da mai karatu wannan gaɓa.

A 1972 Marjorie Weinman Sharmat ta fitar da Nate the Great, ƙaramin littafi mai gajerun jimloli da zane a kusan kowane shafi. Wata yarinya, Annie, ta zana karenta da fenti ruwan ɗorawa, zanen ya ɓata, ta kira Nate, yaro mai bincike. Ya duba ɗakinta, ya bi ta kan karen, ya je gidan ƙawarta, bai samu komai ba. Sai ya ga zane-zanen ƙanenta Harry, wanda jan fenti yake amfani da shi. Duka ja ne, ban da wani dodo guda da ya fito ruwan lemo. Ja a kan ruwan ɗorawa shi ke ba da ruwan lemo, ashe a kan zanen yayarsa Harry ya shafa nasa. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya kama wannan da kansa, in har ya lura. In bai lura ba, zai koma baya ya sake duba shafin, kuma babu wanda ya sa shi.

Wannan komawa baya ita ce ribar. Mai koyon karatu yakan bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ya kai ƙarshen shafi bai riƙe komai ba. Labarin bincike ba ya barinsa haka, domin wata 'yar magana a shafi na huɗu ita ce za ta buɗe ƙulli a shafi na ashirin. Kamar kacici-kacici ne: mai sauraro ba ya zama da hannu a haɓa, shi ma yana cikin wasan.

Donald J. Sobol ya fi kowa cin moriyar wannan dabara. Jerin Encyclopedia Brown, da ya fara a 1963, labarin wani yaro ne ɗan shekara goma, ɗan shugaban 'yan sandan garinsu, wanda ya buɗe ofishin bincike a garejin gida yana karɓar santi 25 a rana. Kowane littafi na ɗauke da gajerun labarai kamar goma, kuma ba a faɗin amsa a cikin labarin, sai an juya zuwa bayan littafi. A wani labari an kawo takobi da aka ce na zamanin yaƙin basasar Amurka ne, da rubutu a jikinsa cewa an ba da shi kyauta jim kaɗan bayan gumurzun Bull Run na farko. To, wa ya san na farko ne alhali ba a yi na biyun ba tukuna? A nan ƙarya ta ƙare.

Tun kafin su, a 1929, Erich Kästner na Jamus ya rubuta labarin Emil, wanda aka sace wa kuɗi a jirgin ƙasa kan hanyar Barlin, yaran birni suka taru suka bi ɓarawon har banki. Hujjar Emil ita ce hujin allurar da ya maƙale takardun kuɗin da ita a aljihu. Akwai kuma Cam Jansen ta David A. Adler, daga 1980, yarinyar da ba ta manta abin da idonta ya gani.

Ba duka ne ke da kyau ba. Wanda nake ƙi shi ne littafin da ke ɓoye wa yaro alama, sa'an nan a shafin ƙarshe mai laifi ya faɗo daga sama. Wannan cin amanar mai karatu ne, kuma yara suna ganewa. Littafin kirki kan shimfiɗa duk hujja a fili, ya kuma zaɓi laifi daidai shekarun yaro: ɓataccen zane ko abincin da ya yi ƙafa, ba jini ba.

Alexander McCall Smith ya kai wannan salo Botswana, inda 'yar makaranta Precious Ramotswe ta ƙi yarda da zargin da aka ɗora wa wani yaro na satar kek, ta bi diddigi har ta gano birai ne. Littafin ya fara fita da harshen Scots a 2010, kafin Ingilishi. Marubutanmu na Hausa za su iya yin irinsa, da ɓataccen allo a makarantar unguwa ko akuyar da ta kwana a wani gida.

Uwa ko malamin da ke zaune da yaro ya dakatar da shi kafin shafin amsa, ya tambaye shi wa yake zargi da kuma dalilinsa. In ya yi kuskure, kada a gyara masa, a nuna masa shafin da zai koma.