Bayan guguwa sai duhu: injin wuta da man da yake sha

Guguwar teku ba irin tamu ba ce, wadda take tasowa da rani ta kwashe yayi da kara ta wuce. Ita a bisa teku take haɗuwa, inda ruwa yake da ɗumi. Tana yin kwanaki tana ƙara ƙarfi, sa'an nan ta afka wa ƙasa da iska da ruwan sama. Ƙasarmu ta yi nisa da teku, wannan guguwa ba ta iso mu. Amma abin da take bari a bayanta mun san shi, wato yankewar wutar lantarki da dogara ga injin wuta, wanda muke kira gurup ko janareto.

Ran 20 ga watan Satumba na 2017, wata guguwa da aka raɗa wa suna Maria ta afka wa tsibirin Porto Riko. Tsibirin yana cikin tekun Karibiyan, ƙarƙashin mulkin Amurka, kuma mutanensa sun fi miliyan 3. Iskar tana gudun wajen kilomita 250 a awa. Ta karya turakun lantarki, ta tsinke wayoyi, tsibirin duka ya shiga duhu. A wasu ƙauyuka na kan duwatsu, sai da aka yi kusan wata 11 kafin wuta ta dawo.

Da fari hukuma ta ce mutum 64 suka rasu. A 2018 masu bincike na Jami'ar George Washington suka sake lissafi, suka ce mutum 2,975 ne cikin wata shida. Da yawansu ba iska ce ta kashe su ba. Tsofaffi ne da majinyata, irin masu buƙatar wankin ƙoda da masu shaƙar iska ta na'ura, waɗanda suka rasa kulawa bayan guguwa ta wuce.

Mai ya yi wuya

Mai injin wuta yana tsammanin ya tsira. To, amma injin ba ya tashi sai da fetur ko gazuwal. Famfon gidan mai kuwa da lantarki yake aiki. Hanyoyi sun toshe da itatuwa, motocin dakon mai ba su iya wucewa. A tashar jiragen ruwa ta San Juan, babban birnin tsibirin, kaya sun taru jibge saboda ƙarancin direbobi da gazuwal. Mutane suka riƙa kwana a layi da jarkokinsu, kuma kowa kaɗan ake sayar masa. Asibitoci ma layin mai suke jira.

Bari mu yi lissafi tare. Mu ɗauka injin yana shan lita 1 a awa guda. In ya yi aiki dare da rana, lita 24 ke nan. A wata guda, lita 720. Ganga tana cin lita 200, ashe ya sha ganga uku da rabi har da ɗori. Wane maigida ne zai iya wannan? In kuwa aka tada shi awa 3 da safe, awa 3 da maraice, lita 180 za ta kai wata, ganga guda ma ba ta ƙare ba.

Saboda haka, tun ranar farko sai gida ya zauna ya raba abin da yake dole da abin da yake marmari. Na'urar majinyaci dole ce. Jawo ruwa dole ne. Cajin waya da tocila dole ne, kuma ba su cin wuta da yawa. Dutsen guga da tukunyar lantarki su ne manyan maciya mai, a ajiye su. Firiji in ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi wajen awa 4. Mai yin ƙanƙara, in a cike yake kuma a rufe, yana kai kwana biyu. Yaron da yake buɗe firiji kowane lokaci, mai yake zubarwa bai sani ba.

Injin kansa yana gajiya. Ƙananan injina suna son a canja musu baƙin mai bayan aikin awa 50 zuwa 100. Wanda yake aiki ba hutu yana cika wannan cikin kwana biyu zuwa huɗu.

Hayaƙin da ba a gani

Nan ne muke so mai karatu ya natsu. Cikin hayaƙin injin akwai wata iska mai guba, masana suna kiran ta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In mutum ya shaƙe ta, sai ta shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki yake rayuwa da ita. Jini yana riƙe wannan guba fiye da yadda yake riƙe iska mai kyau har ninki 200. Mutum yana numfashi, amma jikinsa yana shaƙewa daga ciki.

A watan Agusta na 2020, guguwar Laura ta afka wa jihar Luwiziyana ta Amurka. A garin Lake Charles, mutum biyar ƴan gida ɗaya sun tsira daga iskar, amma hayaƙin inji ya kashe su. An ajiye injin ne a ɗakin mota wanda yake manne da gidan, gubar ta bi ta ƙofa ta shiga ɗakuna.

Me ya sa mutane suke shigar da injin ciki? Tsoron ɓarawo, da tsoron kada ruwa ya jiƙa shi. Dalilai ne na gaskiya, ba mu raina su ba. Amma maganin ɓarawo sarƙa da kwaɗo, maganin ruwa kuwa rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Hukumomin lafiya na Amurka sun ce a ajiye injin waje, nesa da ɗaki da aƙalla mita 6, kamar taki takwas na babban mutum, bakin hayaƙin kuma ya ba ƙofa da taga baya. Zaure, da ƙofar ɗaki, da shago ba waje ba ne. Buɗe taga kaɗai ba ya isa.

Alamomin gubar su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, da ruɗewa. Ga mu nan, sai mu ce masassara ce ko gajiya, mu kwanta. Wanda kuwa yake barci ba ya jin komi. In mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka ji haka lokaci guda, ga inji yana aiki, a fito da kowa sarari nan take, a kashe injin, a nufi gidan likita. Gubar nan ita ce dai take fita daga garwashin gawayi da muke shiga ɗaki da shi lokacin ɗari, mu rufe ƙofa.

Fetur ma haɗari ne. Kada a zuba shi injin yana aiki ko yana da zafi, a jira ya huce. A ajiye jarka a inuwa, nesa da murhu da ɗakin kwana. In da dare za a zuba, a haska da tocila, ban da kyandir ko fitilar kwai. Kuma kada a haɗa injin da wayoyin gida ba tare da mai gyaran lantarki ya raba su da layin gari ba. Wutar tana iya bin layi ta koma baya, ta kashe ma'aikacin da yake bisa turke yana gyara.

Abin da ba ya shan mai

A garin Adjuntas, cikin duwatsun Porto Riko, wata ƙungiya mai suna Casa Pueblo ta daɗe tana aiki da wutar hasken rana. Da duhu ya zo, gidanta ya zama matattara, mutane suna zuwa cajin waya da tada na'urorin majinyata. Ta kuma raba dubban fitilu masu aiki da rana.

Mu ma mun ɗanɗana doguwar yankewa. A watan Agusta na 2023 aka tsayar da wutar da take zuwa mana daga Najeriya, aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Rana kuwa muna da ita a yalwace, ƙaramin faranti yana isa fitila da waya.

Ga masu ciwon sukari: allurar insulin tana iya yin wajen kwana 28 ba firiji, muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Zafinmu na bazara ya wuce haka nesa. A sa maganin cikin kwalba mai murfi, a ajiye cikin ƙaramar tukunyar ƙasa. A sa tukunyar cikin wata babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da tsumma mai laima, a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. A riƙa yayyafa wa rairayin ruwa safe da maraice, kuma a nuna wa ma'aikacin lafiya yadda aka ajiye shi.